Yadda ake gano tushen ƙara da jijjiga a tsohuwar Marsandi

Marsandin da, irin W123 da ta fito a 1976, da W126 ta 1979, da W124 ta 1984 wadda muke kira V-Boot, an ƙera su ne don in ka rufe ƙofa ka ji tsit. Shi ya sa ƙara kaɗan ke hana mai ita sakat. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a afka wa sayen kaya ba a san ciwon ba: a canja shokazoba, a canja taya, jijjiga tana nan daram. Kafin a ɗauki sifana, a fara sanin abin da jijjigar ke bi: injin ne, ko gudu, ko hanya?

Fara da mota a tsaye. Ta da injin, ka bari ya yi zafi, ka riƙa taka totur a hankali. In motar atomatik ce, taka birki ka sa giya a D. Idan sitiyari da kujera suka kama karkarwa nan take, amma suka lafa da ka mayar P, robobin da injin ke zaune a kai sun mutu. Na V-Boot akwai ruwa a cikinsu. In sun fashe za ka ga baƙin zane ya gangaro a jikinsu, injin kuma ya ɗan nutse. Duba robar giyabos da waɗanda ke riƙe salansa, don salansa in tana taɓa ƙarfen mota takan cika ciki da gurnani. Amma in injin kansa ke tsalle, fara da fulogi.

Sai ka hau kwalta mai kyau, rediyo da fanka a kashe, wani na zaune a baya yana saurare. Jijjigar da ke zuwa a sitiyari tsakanin kilomita 80 da 110 a awa, yawanci tayoyin gaba ne ke son balansin, ko rim ya lanƙwashe. In a kujera ake ji, nemi baya. A daidai gudun, sa giya a firi na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da kashe injin ba. In ba ta daina ba, injin ya fita daga zargi. Motar da ta daɗe a ajiye takan kwantar da tayoyi gefe guda. Don sanin shekarun taya, karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefenta: 2316 na nufin mako na 23, shekarar 2016. Tayar da ta tsufa haka, zanenta mai kyau kada ya ruɗe ka.

Ƙugin da ke ƙaruwa da gudu, ya kuma sauya murya in ka ɗan karkata hagu ko dama, boris ɗin taya ne. Rawar da sai an taka birki take zuwa, faifan birki ne. Ƙwanƙwasa a gargada kuwa, bushin ne ko shokazoba.

Yanzu shiga rami da tocila, don a nan yawancin ciwon waɗannan motoci yake. Farfelarsu, wato doguwar sandar ƙarfe da ke kai ƙarfin injin daga giyabos zuwa tayoyin baya, gida biyu ce: akwai faifan roba a bakin giyabos, wani a bakin aksil na baya, sannan boris a tsakiya cikin zoben roba. Shekaru da zafin ƙasarmu suna busar da su. Alamar ita ce girgiza daga ƙarƙashin tsakiyar mota lokacin da kake ƙara wuta a ƙaramin gudu, ko "ƙwas" in ka sa giya. Haska faifan, ka duba kewayen kowane noti. In ka ga tsaga ko zare ya leƙo, ajiye motar har a canja, don in ya tsinke ana gudu, farfela na iya dukan ƙasan mota ta yi mummunar ɓarna. Ka ce wa bakanike, "Oga, a yi wa farfela shaida da fenti kafin a raba ta," saboda a haɗe aka yi mata balansin, in aka mayar ba daidai ba sabuwar jijjiga ce.

In duk wannan lafiya, saura ƙarar iska. Sa takarda a bakin ƙofa ka rufe. In ta zare ba wuya, robar ƙofar ta kwanta. Liƙe gefen gilashi ko rufin sama da salatif, wuri ɗaya a kowane zagaye, ka sake gwadawa a hanya ɗaya da gudu ɗaya. Inda shuu ɗin ya ɗauke, robar wurin za ka saya.