Kafin ka sayi firiyam, leƙa bayan amfilifayarka

Bara na gaji garmahon kawuna, Technics SL-1200, da kwali biyu na faifai. Na soka wayarsa a ramin AUX na amfilifayata, na murɗa ƙara har ƙarshe, sai wata siririyar murya kamar kukan sauro, bas kuwa ko alama. Na ɗauka allurar ce ta mutu. Ashe firiyam na garmaho ne babu. Firiyam (preamp) na'ura ce da ke shirya sauti kafin amfilifaya ta ƙarfafa shi.

To, ga yadda za ka gane ko kai ma kana bukatarsa. Juya amfilifayarka ka duba. In tana da maɓallin ƙara murya da na zaɓar CD ko rediyo ko AUX, to firiyam yana cikinta tun daga kamfani, domin aikinsa ke nan: zaɓar inda sauti zai fito da daidaita ƙarfinsa. Mai irin wannan amfilifaya, in CD ko talabijin ko waya yake haɗawa, ya riƙe kuɗinsa. Na'urar CD kaɗai tana fitar da kusan bolt 2, ya ishi kowace amfilifaya. Wanda ya sayi amfilifaya zalla, wadda ba ta da komai sai makunni, shi ne zai nemi firiyam dabam, in ba haka ba lasifikunsa za su sha wuya.

Garmaho ne ke da tasa rigimar, don shi firiyam na musamman yake bukata. Allurar da aka fi yawan samu, nau'in MM (mai maganaɗisu mai motsi), abin da take fitarwa kusan milibolt 5 ne kawai, sai an ninka shi kusan sau 100. Sannan tun wajen yanka faifai ake rage bas a ƙara siririn sauti, bisa ƙa'idar da RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, ta kafa a 1954, don waƙa mai tsawo ta samu wuri. Firiyam na garmaho ne ke mayar da sautin yadda yake. Shi ya sa murɗa ƙara bai yi mini maganin komai ba.

Nemi ramin da aka rubuta PHONO. In akwai, firiyam na garmaho yana ciki, soka wayar garmaho nan, shi ke nan. In babu, duba garmahon kansa: wasu sababbi, kamar Audio-Technica AT-LP60X, suna da nasu a ciki, ka tura ɗan maɓallin baya zuwa LINE, ka soka a AUX. Amma kada ka bar shi a LINE ka kuma soka a PHONO, sautin zai fashe, har ka tsorata maƙwabta.

Ni da ban da ko ɗaya, ƙaramin akwatin firiyam na garmaho na saya, bai fi sabulun wanki girma ba. Ka tabbata ya dace da allurarka, don allura nau'in MC (mai naɗin waya mai motsi) sautinsa ya fi rauni sosai, ba kowane firiyam ke ɗaukarsa ba. Kada kuma ka manta da 'yar siririyar waya ta uku: ɗaure ta a kusar da aka rubuta GND. Kwana biyu na yi ina jin gurnani kafin na lura tana lilo a bayan tebur.