Idan Microsoft Entra ya hana ka shiga, fara karanta lambar da ya ba ka

Yawancin masu kirana su ce "ba na iya shiga" sun riga sun canja kalmar sirri kafin su ɗaga waya, alhali sau da yawa ba ta da laifi. Microsoft Entra ID, tsarin da ke tantance masu shiga asusun Microsoft na wurin aiki, wanda ake kira Azure Active Directory kafin a sauya masa suna a 2023, ba ya korar mutum bai faɗi dalili ba. A ƙasan saƙon akwai lamba mai farawa da AADSTS, sai Correlation ID, wato lambar da ake gano wannan yunƙurin shiga da ita, sai lokacin da abin ya faru. Ɗauki hoton allon gaba ɗaya kafin ka danna komai.

Wasu lambobin ba su da wahala. 50126 na nufin sunan shiga ko kalmar sirri ba daidai ba ne. 50055, kalmar ta tsufa, sai sabuwa. 50057, an kashe asusun, mai kula da tsarin kaɗai zai tashe shi. 50053 kuwa galibi kulle ne: idan ba a sauya saitin asali ba, kuskure 10 ke jawo kullen minti ɗaya, kuma lokacin yana ƙaruwa in ka ci gaba da gwadawa. Ka ɗauke hannunka, ka jira.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce 50020. Kowace ma'aikata tana da kundinta na sunayen masu amfani daban, kuma wannan lambar cewa take yi babu sunanka a kundin da ka nufa. Mabuɗinka lafiya lau, ƙofar maƙwabci kake ƙoƙarin buɗewa. Yakan faru idan adireshin imel ɗaya yana ɗauke da asusu biyu, na kanka da na wurin aiki, burauza kuma ta riƙe wanda ba shi kake so ba. Buɗe tagar sirri, InPrivate a Edge ko Incognito a Chrome, ka rubuta entra.microsoft.com da hannunka, in an tambaye ka ka zaɓi asusun aiki ko makaranta. Idan baƙo kake a kundin wata ma'aikata, duba ko ka taɓa amsa gayyatar da aka turo maka ta imel, sannan ka shiga ta portal.azure.com ka ƙara sunan yankinsu na intanet (domain) bayan alamar /, don kada a kai ka naka kundin. Ni da tagar sirrin nake farawa kullum, don ba ya cin minti biyu.

Akwai kuma wanda ya shiga lafiya, amma shafin ya ce ba shi da izini. Nan maganar matsayi ce. Mutum zai rantse cewa shi ne Owner, wato mai cikakken iko, a Azure, dandalin Microsoft na hayar kwamfutoci ta intanet, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai wancan iko ne kan kwamfutoci da ma'ajiyar bayanai da ke cikin rajistar da ake biya, ba ya ba shi ikon taɓa masu amfani a Entra. Tsari biyu ne daban. Ban da haka, a saitin masu amfani akwai maɓallin da ke hana duk wanda ba shi da matsayin gudanarwa ganin shafin gudanarwar. Idan ma'aikatarku na amfani da PIM, tsarin da ke ba da matsayi sai an kunna shi lokacin buƙata, mai yiwuwa an ba ka matsayin amma ba ka kunna shi ba. Kunna, fita, sake shiga. In kuma roƙon matsayi za ka yi don dubawa kawai, nemi Global Reader, matsayin da ke ba da damar gani ba tare da sauya komai ba. Duk wanda ya zo min da neman Global Administrator, matsayin babban mai kula, don ya leƙa sunaye, ba na ba shi.

53003 ƙa'idar sharaɗin shiga ce ta tare ka: wataƙila na'urar ba ta da rajista, ko ƙasar da ake ganin kana ciki ba ta cikin waɗanda aka yarda da su. Kashe VPN, gwada da kwamfutar aiki. In bai yi ba, tura wa mai kula hoton nan da ka ɗauka. Da Correlation ID zai nemo shigarka a rajistar shige da fice, ya ga sunan ƙa'idar da ta hana ka. Kada ka ja lokaci, kwana 7 ake ajiye rajistar a tsarin kyauta, kwana 30 ga masu lasisin P1 ko P2.

Sai matsalar waya. Daga Oktoba 2024 Microsoft ya fara tilasta tabbaci na biyu bayan kalmar sirri ga masu shiga shafukan gudanarwa na Entra da Azure, don haka wanda ya canja waya bai ɗauko manhajar Authenticator mai ba da wannan tabbacin ba ya tsaya cak. Mai kula zai iya sa a sake maka rajista, ko ya ba ka Temporary Access Pass, wato lambar shiga ta wucin gadi, ka shiga ka ɗaura sabuwar wayar. Idan lamba shida ɗin da manhajar ke nunawa ce ake ƙi, duba agogon wayar. Lambar tana sauyawa duk daƙiƙa 30, agogon da ya kauce yakan ba da wadda ba ta dace ba, sai ka mayar da shi kan saita kansa.

Abin da ya fi muni shi ne kai ne mai kula, kai kaɗai, kuma kai aka kulle. Nemi wani Global Administrator in akwai, ko kamfanin da kuka sayi lasisi ta hannunsa. In babu, sai layin tallafin Microsoft, kuma za su nemi hujjar cewa kundin naku ne, abin da kan ɗauki kwanaki. Ranar da ka samu shiga, buɗe asusun gaggawa guda biyu masu adireshin onmicrosoft.com, ka ɗaura musu mabuɗin FIDO2, wato ƙaramar na'urar tsaro da ake shiga da ita, ka cire su daga ƙa'idojin da za su iya toshe su. Duk sabuwar ƙa'ida kuma ka fara barin ta a yanayin rahoto kawai, ka ga wa za ta tare, kafin ka kunna ta.