Yadda za a tattara tarihin dattijuwar da ta yi wa al'umma hidima

Da farko, a nemi izinin iyalanta bayan an share makoki, domin ba a tayar da irin wannan zance zukata na ɗanye.

Sannan a gaggauta zuwa wurin tsofaffin da suka yi zamani da ita, musamman ƙawayenta da kishiyoyinta da matan da ta karɓi haihuwarsu ko ta koya wa karatu, a naɗi muryoyinsu a waya da yardarsu. Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, kuma yana buƙatar haƙuri. Yawancin iyayenmu ba su riƙe shekarar haihuwa ba, don haka a tambaye su da abin da ya faru: shin ta yi aure kafin samun 'yancin kai a 1960, ko ta haifi ɗan fari kafin naira ta maye gurbin fam a 1973?

Daga nan a tantance kowane labari da bakin mutum biyu, a bar abin da zai tona asirin wani.

A ƙarshe a rubuta, a karanta wa 'ya'ya da jikoki su gyara, sannan a buga, a rufe da addu'ar Allah Ya jiƙanta.