Kurakuran masu fara nazarin ƙasusuwan dabbobin dauri da ba a raɗa wa suna ba

Kuskuren da na gaji da gyarawa shi ne ɗalibi ya ɗauki laƙabin da masu tono suka ba wani ƙwarangwal ya rubuta shi kamar an riga an yanka masa ragon suna. A ƙa'idar duniya ta raɗa wa dabbobi suna, suna ba ya tabbata sai an wallafa shi tare da bayanin siffofin da suka bambanta dabbar da sauran, an kuma ayyana ƙasusuwan da za su zama ma'auni. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, masanin ƙasusuwan dauri ɗan Faransa Philippe Taquet ya tono wani ƙwarangwal a 1965, wani kundin digiri na 1988 ya kira shi Gravisaurus tenerensis, amma sunan da ya tabbata shi ne Lurdusaurus arenatus, wanda aka wallafa a 1999. Ni dai lambar ajiya da wurin tono kaɗai nake rubutawa har takarda ta fito.

Wanda ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne tsince-tsince. Wani mai taimaka mana, don son a yaba masa, ya kwashe ƙasusuwan baya da haƙoran da ke warwatse a kan tudu biyu ya cusa a buhu ɗaya, ya kawo mini yana murmushi. Daga ranar babu mai iya rantsewa cewa dabba ɗaya ce ko uku, ko daga wane shimfiɗin dutse kowanne ya fito, alhali shimfiɗin ne ke nuna shekaru. Aikin ya mutu a buhun nan. Wannan ba ƙwazo ba ne, ɓarna ce! Kada a taɓa ƙashi sai an ɗauki hotonsa a kwance da ma'auni a gefensa, an rubuta wurin da GPS, an ba shi lamba, sannan a naɗe shi da tsumma da filasta irin ta ɗorin karaya kafin a ɗaga.

Sauran ƙanana ne. Kada a wanke ƙashi mai rauni da ruwa, domin yakan rududduge. Kada a kira kowane babban ƙashi dainoso, wato rukunin dabbobin dauri irin su Lurdusaurus: Sarcosuchus na Gadufawa dangin kada ne, Goronyosaurus na yankin Sakkwato kuma mai rarrafe ne na teku. Haka nan haƙori ɗaya bai cika isar hujjar sabon jinsi ba, komai kyansa.