Shawara ga mai shirin sayen motar waje a Damagaram

'Yan'uwa, kafin mutum ya biya kuɗin motar da aka shigo da ita ta tashar ruwan Lome ko Kwatano, ya kamata ya tabbatar cewa lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17 a jimlace, ta yi daidai da wadda ke cikin takardun duwan. Ya kuma je da makanikensa ya duba ƙarƙashin motar, domin wasu daga cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka sun taɓa yin hatsari ko shiga ambaliya.

Motocin tsere masu araha suna da ban sha'awa, amma cikinsu yana kusa da ƙasa, ba za su jure rairayi da ramukan hanya ba. A ganina Toyota Hilux ta fi dacewa da mu, saboda kayan gyaranta ba sa wuyar samu a garin nan.