Yadda Za Ka Karanta Cajin Batirin Baburinka, Kada Haruffa Su Ruɗe Ka

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babura da Keke Napep masu caji suka fara leƙowa garuruwanmu, daga Wudil har Gumel. Sai dai mai sayarwa makulli kawai yake miƙa maka, ya bar ka da allo cike da haruffa: SOC, SOH, V, Ah. Rashin sanin bambancinsu ne ke sa mutum ya tura babur cikin yashi da rana tsaka, ko ya kashe batirin da ya sayar da amfanin gona kafin ya mallaka. Ga yadda za ka bi abin daki-daki.

Mataki na farko, san irin batirinka. Duba takardar da ke manne a jikinsa. Ko dai batirin dalma ne, mai nauyin nan irin na mota, ko na litiyam. Shi ma litiyam ɗin kashi biyu aka fi samu: wanda aka rubuta wa LFP ko LiFePO4, da wanda aka rubuta wa NMC. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan ya rataya.

Mataki na biyu, raba SOC da SOH. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma a nan aka fi cutar mutane. SOC shi ne yawan cajin da ke cikin batirin yanzun nan. SOH kuwa lafiyarsa ce, wato abin da yake iya ɗauka yau in an gwada da ranar da ya fito daga kamfani. Ka ɗauki randa: SOC ruwan da ke ciki ne, SOH kuma girman cikinta ne bayan laka ta taru a gindi. Randar da laka ta cinye kwatarta ma tana cika har baki.

Yi lissafin da kanka. Batirin da aka rubuta wa 72V 40Ah (V ƙarfin wuta ne, Ah kuma girman cikin batir), ka ninka 72 sau 40, ka samu Wh 2,880, wato jimillar wutar da yake ɗauka, kusan kWh 3 ke nan, tunda Wh dubu ne kWh ɗaya. In lafiyarsa ta sauka zuwa 75 cikin ɗari, Wh 2,160 kaɗai zai riƙe, amma allo zai nuna maka 100% bayan caji, kamar yadda sabo ke nunawa. Saboda haka in dillali ya kunna maka babur na hannu ya ce, "Alhaji, duba, ɗari bisa ɗari," ka amsa masa da cewa, "Malam, wannan caji ne. Lafiyarsa nawa?" In ya fara kame-kame, ka ja da baya.

Akwai na uku, DOD, wanda shi kishiyar SOC ne: abin da aka riga aka sha. DOD 80% na nufin saura 20 kacal. Don haka duk sanda wani ya ce maka "tamanin", tambaye shi tamanin ɗin me. Ga wani abu kuma, in ka nemi SOC a intanet za ka iya faɗawa kan bayanin ƙwaƙwalwar waya, don masu haɗa waya ma da waɗannan haruffa suke kiran ta. Ka haɗa da kalmar batir a bincikenka.

Mataki na uku, kada ka ba sandunan allo amana gaba ɗaya. Yawancin babura masu sauƙin kuɗi ba sa ƙirga caji, ƙarfin wuta kawai suke aunawa, wato V, su mayar da shi sanduna. Shi ya sa in ka ɗauko buhu biyu na gero ka shiga yashi, sanda biyu za su ɓace lokaci guda, kana tsayawa su dawo. Cajin bai je ko'ina ba, nauyi ne ya danne wutar. In kana son awo na gaskiya, kashe babur ɗin ya huta kamar rabin awa, sannan ka duba.

Lambobin da za ka riƙe, in naka 72V ne: na dalma, batir shida masu 12V, yana zama wajen 76 zuwa 77 in ya cika ya huta, kuma in ya sauko wajen 73 ya kai rabi. NMC mai ƙwaya 20, wato ƙananan batura 20 da aka jera a cikinsa, yana cika a 84 a kan caja. LFP mai ƙwaya 24 yana cika a 87.6 a kan caja. Dukansu "saba'in da biyu" ake kiransu a kasuwa, kuma wannan suna guda yana da haɗari. Kada ka ari cajar maƙwabci don kawai an rubuta 72V a jikinta. Karanta lambar wutar da take fitarwa. Cajar 87.6 a kan batirin da iyakarsa 84 na iya jawo gobara, kuma a ɗakin da yara ke kwana muke caji.

LFP na da wani hali da ya kamata a sani. Wutarsa ba ta motsi sosai daga kusan cika har kusan ƙarewa, sai ta faɗi farat ɗaya. Mai irin wannan batir zai ga sanduna lafiya lau a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kafin ya kai gida babur ya ɗauke.

Mataki na huɗu, nemi BMS. Ita ce 'yar na'urar da ke cikin batirin litiyam tana tsaron sa. Wasu na haɗuwa da waya ta Bluetooth, su nuna SOC, zafi, yawan zagayen caji da wutar kowace ƙwaya. Tambayi mai sayarwa sunan manhajar tun kafin ka biya. Lissafin BMS na kaucewa a hankali, musamman a LFP, don haka lokaci-lokaci ka bar batirin ya cika har caja ta tsaya da kanta, don lissafin ya daidaita.

Mataki na biyar, yi naka awon. Cika batirin, rubuta lambar kilomita, ka yi aikinka na yau da kullum da kayan da ka saba ɗauka, ka ga inda ya fara sanyi. Daga kilomitan da ka yi, cire kashi ɗaya cikin biyar ka bar shi na ko-ta-kwana. Wannan lamba ta fi wadda kamfani ya rubuta a kwali gaskiya, don ta kwali ba a hanyar burji aka auna ta ba. Maimaita bayan 'yan watanni. Yadda tazarar ke raguwa shi ne SOH ɗinka ko babu manhaja.

Game da caji, na dalma ba ya son sauka ƙasa da rabi, kuma ba ya son kwana babu caji. NMC ya fi daɗewa in yana yawo tsakanin 20 da 80. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40, to kada ka jona batir kana dawowa daga hanya. Kai shi inuwa, ka taɓa jikinsa da bayan hannu, sai ya huce sannan ka sa caja.