Kurakuran da Sababbin Masu Amfani da RSS Suka Fi Yi

Na gaji da jin tambaya ɗaya daga bakin waɗanda suka fara amfani da RSS: "Wai ina labaran nawa suka shiga?" Kusan kullum ɗayan abu biyu ne ya faru, kuma duka biyun ganganci ne.

Ga wanda bai sani ba, RSS wani ɗan fayil ne da shafin intanet ke zuba sababbin abubuwan da ya wallafa a ciki. Kai za ka ba manhajarka ta karanta RSS adireshin fayil ɗin, ita kuma ta riƙa leƙawa tana kwaso maka abin da ya fito, a jere bisa lokaci, ba tare da wani ya zaɓar maka abin da za ka gani ba. Kamfanin Netscape ne ya fito da shi a 1999, a 2005 kuma aka tabbatar da ɗan'uwansa Atom. Kada ka ɓata lokaci kana tambayar wanne ya fi a cikinsu, manhajojin yau duk suna karanta su.

Babban kuskuren shi ne rashin ajiye kwafin jerin shafukan da kake bi. Wannan ya taɓa ƙona ni, shi ya sa nake ɗaga murya a kansa. Na shafe shekaru ina tsinto shafuka ɗaya bayan ɗaya a cikin wata manhaja da ke ajiye komai a kan waya kawai. Ranar da wayar ta mutu, jerin ya bi ta. Manyan kafofin labarai ba wuyar tunawa, amma ƙananan shafukan nan da marubucinsu ke rubutu sau biyu a shekara, waɗanda dominsu ma na fara RSS, har yau akwai waɗanda sunansu ya ƙi zuwa mini.

Abin haushin, maganin bai kai minti biyu ba. Kusan kowace manhajar RSS tana da wurin fitar da jerinka a fayil mai suna OPML. Ka fitar, ka tura wa kanka ta imel, shi ke nan. Ni duk farkon wata nake yi, da kuma duk lokacin da na ƙara shafuka da yawa. Kada kuma ka ce ai naka yana hannun babban kamfani. Google Reader, wato dandalin karanta RSS na kamfanin Google, shi ne aka fi dogara da shi a zamaninsa, amma a watan Maris na 2013 aka sanar za a rufe shi, ranar 1 ga Yuli kuma aka rufe. Waɗanda suka fitar da jerinsu suka ɗauka suka koma wasu manhajojin kamar Feedly ko NewsBlur ko Inoreader, suka ci gaba da karatu. Manhajar da ba ta ba ka damar fitar da OPML kuwa, kada ma ka fara zuba mata komai.

Na biyu, mutane suna ɗaukar RSS kamar rumbu, alhali ɗan ƙaramin faranti ne: sabo na shiga, tsoho na faɗuwa. Shafin da aka gina da WordPress, wata manhajar gina shafukan intanet, idan mai shi bai canja ba, rubutu goma na ƙarshe kawai yake sakawa a fayil ɗin. To ka duba: kafar da ke wallafa labarai da yawa a yini, kai kuma manhajarka ba ta leƙawa sai ka buɗe ta, sannan ka yi mako ba ka buɗe ba. Na ƙarshen kawai za ka tarar, na tsakiya sun wuce, kuma babu abin da zai gaya maka ka rasa wani abu. Sai mutum ya zo yana cewa RSS ba ya aiki. Yana aiki mana, kai ne ba ka san irin manhajar da ka ɗauko ba! Idan kana bin shafuka masu yawan wallafa, ka nemi mai asusu a intanet wadda ke tattarawa ko wayarka na kashe. Ni ma abin da nake yi ke nan. Masu son riƙe komai a hannunsu suna ɗora wata manhaja mai suna FreshRSS a kan sabarsu, wato kwamfutarsu da ke zama a kunne kullum, amma wannan sai mai haƙuri.

Wani ciwon kuma shi ne haɗama. Ranar farko mutum ya cusa duk shafin da ya taɓa gani, bayan kwana kaɗan adadin abin da bai karanta ba ya yi tsiri, ya ji kamar bashi ake binsa, ya daina buɗewa gaba ɗaya. Wa ya ce dole ka karanta duka? Ni na kashe ƙidayar nan. Shafin da na lura kanunsa kawai nake wucewa, cire shi nake yi ba tare da na yi shawara da kowa ba. A cikin manhajata, kafofi masu yawan labarai suna rukuni guda, marubutan da ba na son rubutunsu ya wuce ni suna wani, kuma da su nake farawa.

Sauran ƙanana ne. Rashin ganin ɗan tambarin RSS mai ruwan lemo ba ya nufin shafi ba shi da RSS. Firefox, manhajar buɗe shafukan intanet, ita ma ta cire nata kayan RSS tun Disamban 2018. Liƙa adireshin shafin a manhajarka ta nemo da kanta, in ta kasa ka ƙara /feed ko /rss a ƙarshensa. Tashoshin YouTube ma suna da nasu. Kada ka sa manhaja ta riƙa leƙawa duk minti, batirinka zai sha wuya, wasu shafukan kuma toshe ka za su yi. Sau ɗaya a awa ya wadatar. Kada ka kunna sanarwa ga kowane shafi. In rubutu ya zo maka guntu, mai shafin ne ya zaɓi saka taƙaitawa, ba manhajarka ce ta lalace ba. In kuma wani shafi ya yi shiru na watanni, ka leƙa shi da kanka, don sau da yawa adireshin RSS ɗinsa ne ya canja bayan an yi masa gyara.